Yadda Ƙuri'ar Waya Ta Tayar Da Mijina Daga Gindin Dara

Assalamu alaikum, ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Autata ce zaune a gabana da biro tana ɗaukar abin da nake faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, ta sa ta yadda ta fito.

A lokacin da abin nan ya faru ni matar kafinta ce a Fadaman Mada, cikin garin Bauchi. Da safe ina suyar masa a ƙofar gida, da rana in shiga ciki in miƙe ƙafafuna. 'Ya'ya duk sun watse, mazan suna neman abinci a wasu garuruwa, autar tana aure a wajen Gubi. Daga ni sai Malam a gidan. Kafinta nake ce masa har yanzu, amma a gaskiya ya daɗe da ajiye zarto, domin ciwon ido ya kama shi a hankali. Ya fara da gani dishi-dishi, muka yi ta zaryar asibiti ana ba shi maganin ɗigawa, har ranar da ya tambaye ni ko hadari ne ya haɗo, alhali rana tsaka muke zaune a tsakar gida. Bai yi ƙorafi ba. Ya raba kayan aikinsa ga waɗanda ya koya wa sana'a, ya riƙe abu ɗaya tak, wata 'yar jakar fata mai ɗauke da 'ya'yan dararsa, tsinkaye goma sha biyu da ya fiƙe da hannunsa daga guntun maɗaci tun muna da sauran ƙuruciya.

Ga wanda bai san dara ba, gurabu ne ake haƙawa a ƙasa layi-layi, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, ɗaya da tsinkaye ɗaya da duwatsu, duk wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. Ni ban taɓa yi ba, wasan maza ne, amma na ji labarinta a bakin Malam har na san ta kamar yadda na san gurabun tandata. A unguwarmu akwai wani tsohon dogonyaro a ƙofar gidan wani dattijo, nan ake haɗuwa daga la'asar har a kira magariba. Na yi shekaru ina jin haushin bishiyar nan. Ranar da na haifi wannan da ke rubutu, a can aka je aka kira shi, kuma sai da ya ƙarasa wasan da ke gabansa kafin ya taso. Ga ta nan tana murmushi, na ce ta rubuta, gaskiya ce.

Da idon ya tafi na ɗauka dara ta tafi ke nan, ashe ban yi lissafi da abokinsa ba. Wani tsohon soja ne, mutumin kudu, Kirista, ya gama aiki a barikin Shadawanka ya ƙi komawa garinsu, matarsa tana da shagon kayan masarufi a bakin bariki. Sajan kowa yake ce masa. Hausa ta zauna a bakinsa, sai dai har gobe bai raba mace da namiji ba, kai yake ce mini, kuma Madam Kafinta yake kirana. Wata la'asar, Malam yana kwance ya juya wa ƙofa baya, sai muka ji muryar Sajan a waje kamar yana fareti, wai makaho ya fito ya sha kashi, rashin ido ba uzuri ba ne, da can ma da yake da idon me ya tsinana da shi. Na tsorata, domin tun da abin ya same shi ba wanda ya taɓa kiransa da wannan sunan. Sai na ji Malam ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun da ya ajiye aiki. Ya ce in miƙo masa takalminsa da jakarsa, sojan kicin ne ya zo neman wanda zai ladabtar da shi. Ya fita ya ɗora hannu a kafaɗar Sajan, suka tafi.

Ga yadda suka riƙa yi. Malam kullum ta yamma yake zama yana fuskantar gabas, don kada wurin ya rikice masa. Duk inda Sajan ya kai dutsensa sai ya faɗa da baki, layi kaza daga gabas, gurbi kaza daga kudu. Malam ya riƙe a ka. In ya yi shakka sai ya miƙa tafinsa ya shafa gurabun a hankali, ya ji ina tsinke yake ina dutse. Sannan ya faɗi inda yake so a kai masa ɗansa, Sajan ya ɗauka da hannunsa ya kai, ko da kuwa wannan tafiyar ce za ta cinye shi Sajan ɗin kansa. Malam yakan dawo gida yana ba ni labari yana cin tuwo, ya ce tun kafin ya ci Sajan yake ganewa, domin numfashinsa canzawa yake kamar na akuya ta hango wuƙa. Ya ce Sajan kullum yana rantsuwa wata rana sai ya sace masa tsinke ɗaya ya ga ko zai gane, shi kuma ya ce masa wanda ya ƙare aikin soja yana dafa wake ina ya ga zuciyar sata. Sajan ya rama da cewa bencinan da Malam ya taɓa yi wa cocinsu duk ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, ashe makantar ta daɗe, mutane ne ba su lura ba. 'Yan kallo kuma na gefe suna ihu, wannan ya ce kai nan, wancan ya ce kada ka kuskura. Malam ya ce ai surutun nan shi ne rabin darar. Haka muka yi shekaru, mutum ba ido amma yana da wurin zuwa da wanda ke jiransa.

Sai matasa suka shigo, kuma ba da mugun nufi suka shigo ba, wannan ina so a rubuta shi sosai. Ɗan dattijon nan mai ƙofar gidan, yaro mai ladabi da ya yi karatu a jami'a, shi ya ce bai kamata a bar dara ta mutu tare da tsofaffi ba. Suka kafa ƙungiya, suka buɗe zauren hira a waya, masu son dara suka yi ta shiga daga ko'ina, har da na wasu jihohi da waɗanda ke ƙasar waje. Suka shirya gasa tsakanin unguwanni. A gasar farko aka samu rigima, wai wani ɗan kallo yana yi wa ɗan unguwarsu tari duk lokacin da zai yi kuskure, har aka kusa ba hammata iska. Daga nan suka kawo shawarar sabuwar doka: in an fara wasa ba mai magana, da ɗan wasa da ɗan kallo, kuma ba mai sa hannu a gurbi sai in ɗansa zai ɗauka da kansa. Yaron ya ce ba zai yanke shi kaɗai ba. Ya ce ya ga yadda masu wani wasa na ƙasashen waje, mai allo da ɗan jefawa irin na lido, suke yi in za su canza doka, sai su tura tambaya ta intanet kowa ya faɗi ra'ayinsa. Shi ma haka ya yi. Aka tura wa kowa tambaya a waya, mai so ya latsa na'am, wanda ba ya so ya latsa a'a.

Malam yana da irin wayar nan ta shafawa, autar ce ta kawo masa don ya riƙa sauraren karatu da muryoyin jikoki, kuma a hannuna take zama. Tambayar ta zo har da saƙon murya, ya saurara sau biyu, ya ce a'a zai zaɓa. Tunda ni ba na karatu, muka jira autar ta zo ranar Asabar ta latsa masa. Ta gaya masa cewa an ɓoye sunaye, ba mai sanin wanda ya zaɓi wani abu. Ya ce hakan ma ya yi kyau. Ko a jikinsa. Ya ce duk wanda ke zama a gindin bishiyar nan ya san da baki da tafin hannu yake wasa, wa zai latsa abin da zai tashe shi.

Ana cikin haka aka yi wa Sajan rasuwa a garinsu, yayansa ne ya mutu. Ya kwashi matarsa suka tafi a gaggauce ba sallama, sai a bakin mai shayin unguwa Malam ya ji. Mutanen can kuma jana'izarsu tana ɗaukar lokaci, ga rabon gado, ga gyaran gida, tafiyar ta yi tsawo. A wannan tsakanin ni nake raka Malam zuwa kwanar layinmu, daga nan wani cikin abokan zamansa ya kama hannunsa. Wasan ma wasu ne suke ɗaukar masa, yana cewa ba su iya faɗin gurbi kamar sojan kicin ba, amma yana zuwa.

Ranar da sakamako ya fito ba na wurin, a bakin Malam na ji, kuma sau ɗaya ya ba ni labarin. Yaron ya zo gindin bishiya da wayarsa, ya durƙusa ya gaida kowa, ya karanta cewa masu na'am sun yi rinjaye ƙwarai. Malam yana tsakiyar wasa. Ya tambaya ko dokar ta gasa ce kawai, ko har da nan. Yaron ya ce, Baba, abin da jama'a suka zaɓa ke nan, kuma ƙungiya tana so a fara sabawa tun daga nan don kada a je gasa a rikice. Malam ya ce ya yi shiru yana jiran wani ya yi magana. Mutum ya fi goma a wurin, wasu tare suka yi ƙuruciya. Ya ce har motsin ganyen dogonyaro yana ji. Ba wanda ya ce uffan. Da mai ido ne, da ya ga sun sunkuyar da kai, ya ga uban yaron yana zaune a gefe, ya gane cewa nauyi ne ya hana su kunyata ɗa a gaban ubansa, shi kuma uban kunya ta hana shi sa baki a maganar ɗansa. Malam ba shi da idon ganin wannan. Shiru kawai ya ji. Ya lalubi sandarsa ya miƙe, ya bar tsinkayensa a cikin gurabu, wani mai keke ya kawo shi gida da jakar fata ba komai a ciki.

Da ya shigo bai nemi ruwa ba. Ya zauna a bakin gado ya ce in ɗauko wayar in duba masa. Na ce Malam ka san ba na karatu. Ya ce ai ina da ido, in gaya masa abin da na gani. Na buɗe inda autar ta nuna mini, na ga layi biyu a kwance, ɗaya a kan ɗaya. Na rasa yadda zan kwatanta masa, sai na kamo hannunsa na buɗe tafin. Na sa yatsana na ja layi tun daga wuyan hannu har ƙarshen dogon yatsansa na tsakiya, na ce wannan shi ne na sama. Sannan na ɗan ɗiga masa yatsa, kamar tsawon ƙwayar shinkafa, na ce wannan shi ne na ƙasa, inda aka latsa maka. Ya daɗe hannun yana buɗe. Can ya tambaye ni ko ɗan guntun nan zai ɗauki mutum fiye da ɗaya. Na ce ban sani ba. Ya rufe hannunsa. Ban yi masa ƙarya ba, abin da na gani na zana masa.

Washegari ya sa na kira autar, ya tambaye ta ko akwai yadda za a yi a ga sunayen. Ta ce babu, haka aka tsara shi don kowa ya faɗi gaskiyarsa ba tsoro. Ya ce to, ashe gaskiyarsu ke nan. Daga ranar ya fara lissafin mutane a zuci, wani lokaci a fili. Ya ce wane ya taɓa cewa wasa da shi yana cin lokaci. Ya ce wane kuma ya taɓa yin tsaki da ya shafa gurbi ya ture masa dutse. Abubuwan da aka yi cikin raha shekaru da suka wuce duk ya tono su ya sake auna su. Tunda ba suna ko ɗaya, kowa ya shiga cikin dogon layin nan. Har wata rana na ji ya ce a can garin su Sajan ma ai akwai waya, kuma mutum yana iya gajiya da ɗaukar wa makaho tsinke bai faɗa ba.

Ni kuma ga abin da na ce masa. Na ce Malam, mutane sun nuna abin da suke so, ka zauna a gida ka huta, girma ya zo. Ban ɓoye wa kaina ba, a lokacin na ji daɗi. Kullum ya fita hankalina ba ya kwanciya saboda kwatoci da masu babur, ga kuma tsohon haushin bishiyar nan da bai gama fita daga raina ba. Na sayo sabuwar tabarma na shimfiɗa masa a inuwar tsakar gida, na riƙa ajiye masa masa mai zafi da miyar taushe. Na ɗauka na samu mijina.

Abokan zamansa sun zo, kada a ce ba su zo ba. Sukan yi sallama a zaure, tunda maza ba sa shiga cikin gida, shi kuma ya ce in ce barci yake. In fita in faɗa. Su ce a gaishe shi, Allah ya ƙara sauƙi. Wani ma ya ce in gaya masa ana nemansa a gindin bishiya, na gaya masa, ya ce kara ce kawai irin ta mutane, wanda ya kore ka a ɓoye ai zai gaishe ka a fili. Da aka yi haka sau da yawa suka rage zuwa, daga baya suka daina.

Sai Sajan ya dawo. Wata la'asar muka ji muryarsa a waje, wai ina makahon nan, an ce tun da ya yi tafiya tsoro ya hana shi fitowa, to ga maigidansa ya dawo. Ina kallon Malam a kan tabarma. Ƙafarsa ta sauka da kanta tana laluben takalmi, har ta samu ɗaya. Sai ya janye ta, ya koma ya kwanta, ya ce in ce barci yake. Na fita zaure. Sajan ya rame, yana riƙe da galan na manja da ƙullin garin rogo da ya kawo mana tsaraba. Ya ce kai Madam Kafinta, wane irin barci ne da la'asar, ko makaho ya fara rikita dare da rana ne. Na ce jikin ne sai a hankali. Tambayar tana bakina, wallahi tana kan harshena, in ce Sajan kai wanne ka latsa. Ban yi ba. Na ga ba tsarina ba ne in tsaya ina tuhumar abokin mijina a zaure, kuma ina da shinkafar ƙullu da zan jiƙa. Na karɓi tsaraba na yi godiya. Ya sake zuwa, na sake cewa barci. Zuwansa na ƙarshe bai ɗaga murya ba, sallama ya yi a hankali kamar baƙo, da na faɗa masa abin da na saba faɗa sai ya ce to Madam, ka gaishe shi, ya juya.

Daga nan ba wani abu da ya faru da zan iya nunawa in ce ga shi. Malam ya daina kunna rediyo. Abinci ya riƙa dawowa da saura, sauran yana ƙaruwa. Wani lokaci in gan shi zaune yana motsa yatsu a kan gwiwarsa, ya ɗauki abin da babu ya ajiye a wani wuri, leɓensa na motsi. In na yi magana ya daina. Damina ta shigo ta fita. Sai zazzaɓi ya kama shi, muka kai shi asibiti, ya yi 'yan kwanaki, wata safiya ya cika ina riƙe da hannunsa. Ba na cewa ƙuri'a ce ta kashe shi, kwanansa ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Amma na san mutumin da ya shiga zazzaɓin nan ba shi da abin da yake sauri ya warke ya koma wa. Ban yi kuka a ranar ba. Mata sun cika gida suna kuka, ni ina zaune ina tunanin ƙullun da na bari a rufe zai yi tsami. Haka na yi ta zama, ana gaisuwa ina amsawa.

Ina cikin takaba Sajan ya zo da matarsa. Ya je jana'iza tun ranar, ya tsaya daga gefe har aka gama, amma wannan zuwan nawa ne. Matar ta shigo ta zauna kusa da ni, shi ya tsaya a zaure muna magana ta bayan labule. Ya ba ta wani ƙullin hankici ta miƙo mini. Tsinkayen Malam ne, mai shayi ya tsince su ranar ya adana, ya ba Sajan da ya dawo. Ya ce ya so ya ba makaho hannu da hannu. Ya ce abu ɗaya yake so in gaya masa don ya samu barci, shin har Malam ya tafi bai yafe masa tafiyar da ya yi ba sallama ba. Ya ce ya san ya yi laifi, ya bar mutum ba mai ɗaukar masa tsinke, ko kira bai yi ba, amma bai zaci fushin zai kai haka ba. Sai a lokacin na yi tambayar da ta daɗe a bakina. Na ce Sajan, a ƙuri'ar nan ta waya wanne ka latsa. Ya ce wace ƙuri'a. Ya zaro wayarsa ya turo ta ƙarƙashin labule, 'yar ƙarama ce mai tocila, ko hoto ba ta ɗauka.

Na ba shi labari tun daga farko. Ya yi mini sallama suka tafi. Bayan kwana biyu suka dawo shi da matarsa, ya ce ya bi tsofaffin gindin bishiya ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su. Ba wanda ya latsa komai a cikinsu. Yawancinsu irin wayarsa gare su, masu babbar waya kuma tana hannun 'ya'yansu. Dogon layin nan da na zana wa Malam, mutanen nesa ne da matasa masu zuwa gasa, waɗanda suka ji an ce za a hana maguɗi suka ce na'am, kuma da gaskiyarsu, ba su san akwai wani makaho a Fadaman Mada da ke wasa da baki ba. Dokar ma, in ji shi, ko Juma'a ba ta kai ba a gindin bishiya. Tsofaffi ba sa iya kallon dara bakinsu a rufe, kuma wanda ya fara karya ta uban yaron ne da kansa. Suka koma surutunsu kamar da. Wurin zaman Malam na ɓangaren yamma suka bar shi ba mai zama, wasu suna cewa jiki ne ya hana shi, wasu suna cewa fushi ne zai huce, kowa yana jiran wani ya je ya yi maganar. Duk watannin nan da yake kwance a kan sabuwar tabarmata yana wasa a kan gwiwarsa, wurinsa yana can a share.

Na tambayi Sajan ko shi yana zuwa. Ya ce sau ɗaya ya gwada. Ya zauna da wani mai ido biyu lafiyayyu, ya kai dutsensa, sai ya ji bakinsa yana faɗin layi kaza daga gabas, gurbi kaza daga kudu. Mutumin ya ce ai ina gani. Ya ce daga nan ya tashi, bai sake komawa ba. A nan ne kukan da ban yi a asibiti ba ya zo mini, a gaban matarsa, kuma tun daga ranar bai tafi ba. Yanzu ma da nake faɗa autar ta ajiye biro sau biyu tana jira in gama.

Yaron ma ya zo da ya ji. Ya durƙusa a zaure yana kuka, ya ce wallahi Mama, lokacin da ya tura tambayar ko kaɗan tunaninsa bai kai kan Baba ba, shi dai ya ga ya tambayi kowa. Na ce masa ya tashi, ban riƙe shi da komai ba, kuma har ga Allah ban riƙe shi ba. Na ji an ce sun sassauta dokar. Ban tambayi yadda suka yi ba.

Abin da ya sa na ce a rubuto muku, na ga yanzu komai ta waya ake tambaya, na makaranta, na masallaci, na ƙungiyar 'yan kasuwa. Ba na cewa a daina. Amma ku masu turawa, kafin ku ce jama'a sun zaɓa, ku ɗaga kai ku dubi waɗanda ke zaune a gabanku, ku tambayi kanku ko suna cikin jama'ar. Wanda dokar za ta fi taɓawa sau da yawa shi ne ba shi da wayar, ko ba shi da idon. Ku je ku same shi ku ji daga bakinsa. Ku kuma dattawa masu kawaici, ku sani ba kowa ne ke ganin sunkuyar da kanku ba, wani shirun kawai zai ji ya tafi da shi gida. Sai 'yan'uwana mata. In mijinki ya dawo da zargin abokansa a zuci ya ce ki ce barci yake, kada daɗin samunsa a gida ya rufe miki baki. Tambaya ɗaya ce na ƙi yi a zaure saboda nauyi da jiƙon shinkafa.

Tsinkayen na mayar da su jakarsu, tana rataye inda yake rataye ta, har yanzu da ƙasar gindin bishiya a jikinsu. Wani lokaci nakan buɗe tafina in ja layin nan da yatsa in ga tsawonsa. Ranar da ya ce in duba masa, hannun nan nasa da na kama, da ma a kafaɗata na ɗora shi na ce tashi mu je ka tambaye su da bakinka. Daga ƙofarmu zuwa dogonyaron bai kai nisan inda nake kai niƙa kullum ba.